Katin shekara na wurin wasan yara ya kusa ƙarewa: in sabunta ko in haƙura?

Manomin Kadawa:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah a bar ni in kai aya kafin a fara yi mini dariya.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Garun Malam, inda ruwan Tiga yake biyo kanal ya zo mana. Da damina shinkafa, da rani tumatir da 'yar albasa. Bara war haka Allah ya sa tumatirina ya nuna da wuri kafin kasuwa ta cika, na kai Kwanar Gafan, kwando ya yi kuɗi. Kun san manomi idan aljihu ya yi nauyi. A satin na kwashi mai ɗakina da yara uku muka shiga birni sayen takalma da littattafai. Da muka gama na ce bari yau dai su gani da idonsu abin da suke kallo a waya. Muka biya wani wurin wasan yara, ba zan kama suna ba. Akwai shillo manya da ƙanana, da dawakin roba masu zagaye, da ɗan jirgin ƙasa, da motocin nan da ake karo da juna, da wani gidan iska da yara suke tsalle a ciki.

A bakin ƙofa yarinyar da take karɓar kuɗi ta ce, "Baba, me zai hana ka yanki katin shekara?" Naira 45,000, na mutum biyar, manya biyu yara uku, shiga kyauta hawa kyauta, ko kullum muka zo. Lokacin kuɗin shiga 1,000 ne kowane kai, kowane abin hawa 500. Na buga lissafi a tsaye, na ga idan muna zuwa wata-wata ai mun ci banza. Aka ɗauke mu hoto, aka miƙo kati mai ƙyalli irin na banki.

Shekara ta zagayo, sau huɗu muka je, har da ranar da na yanka.

Zuwa na biyu shi ne ya fi ƙona mini rai. Ranar uku ga ƙaramar Sallah ce. Gidanmu babban gida ne, ni da yayana da ƙanena ƙofa ɗaya muke fita, kuma yarana sun yi wata da watanni suna cika wa 'yan'uwansu kunne da labarin motocin karo. Ina fitowa da safe na tarar da yara bakwai a zaure, kowa da sabon ɗinki, 'yan matan ƙafa ta sha lalle, ƙaramar har da 'yar jakarta a rataye. Wa za ka kalla ka ce masa koma, ba ka cikin kati? Na kwashe su duka. Muna isa mai gadi ya juya katin, ya ɗora farce a kan wani ɗan mitsitsin rubutu na Turanci a baya, wai katin ba ya aiki a kwana ukun farko na kowace Sallah. Ni Turancin nawa na firamare ne, ko da na iya ma ba wanda ya ce in juya. Ga yara sun riga sun hango shillo ta saman katanga. Haka na biya na mutum tara, kuɗin ranar Sallah kuma daban yake da na kullum. Ciki ba masaka tsinke. Mun yi kusan awa ɗaya a layin motocin karo cikin rana, hawan bai kai minti biyar ba.

Na uku wata Talata ce, wata lalura ta shigar da ni birni da yaro ɗaya. Muka tarar da wurin tsit, ba wuta, janareta a kashe. Shillon da ake turawa da hannu kaɗai ya hau. Na huɗu wata Asabar ce a dogon hutu, kuma gaskiya ranar an more, har sai da na ja su da ƙyar don kada mu yi dare a hanya.

Za a ce me ya hana mu zuwa wata-wata. Da ruwa ya sauka akwai dashen shinkafa, akwai cire ciyawa da zuba taki. Kaka ta yi, yanka da bugu. Kafin ka huta an shiga rainon irin tumatir, shi kuwa ba ya son ka juya masa baya ko kwana biyu. Su ma yaran ba su da rana: boko tana hutu Asabar da Lahadi, Islamiyya kuma Alhamis da Juma'a take hutu, ranar Asabar ma tun safe suke tafiya hadda.

Yanzu sun turo saƙo. Idan na sabunta kafin ƙarshen wata 60,000, idan na wuce 70,000. Kuɗin ƙofa ya koma 1,500, hawa 700. Zuciya ɗaya tana cewa tun da komai ƙara tsada yake, gara in kama na 60 ɗin. Ɗaya tana cewa wannan kuɗin buhun taki ne har da canji. Wanda ya taɓa yankar irin wannan katin ya ba ni shawara.

Direban Kwanar Dangora:

Wa alaikumus salam. Malam, ni direba ne, kullum sai na wuce ta garinku, don haka bari in yi maka lissafin 'yan tasha.

Ba sau huɗu ka ci katin ba, sau uku ne, tun da ran Sallah aljihunka ne ya yi aiki. Da ba ka da kati, zuwan iyali ɗaya zai ci maka 5,000 na ƙofa. A ce kowane yaro ya hau abu biyar, 7,500 ke nan. Jimla 12,500. Sau biyu 25,000. Ranar Talatar kuwa ku biyu ne, ƙofa 2,000, shillo 500. Duka-duka abin da ka mora 27,500 ne, ka biya 45,000. An ci ka 17,500, Allah ya mayar da alheri.

Na bana kuma, zuwa ɗaya da sabon kuɗi 7,500 na ƙofa, 10,500 na hawa, 18,000. Sai ka kai iyali sau huɗu cif kafin 60,000 ta fita, kuma duka huɗun ba a ranar Sallah ba. Bara sau biyu ka iya.

Amma ni a wurina duk wannan ƙaramin abu ne. Katin ba ya ɗauko ka daga gida. Daga ƙauye zuwa bakin titi babur biyu, zuwa da dawowa a ce 2,000. Mota kujera huɗu idan an rungume ƙaramin, 1,000 kowacce, zuwa da dawowa 8,000. Ka sauka a Na'ibawa ko Unguwa Uku ba acaɓa, tun 2013 aka hana shi a cikin birni, dole adaidaita sahu, shata zuwa da dawowa 3,000. Ba a yi maganar gurasa da tsire da askirim da gugguru ba, kuma yaro ba ya kallon ɗan'uwansa yana lasa ya yi shiru. Kowace fita 20,000 ta tashi kafin ka nuna kati. Sau huɗu 80,000, ka ɗora 60,000 a kai.

Kada kuma a ce mu direbobi ne marasa tausayi. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar fetur ba ta kai 200 ba. Cikin kwanaki ta haura 500, a ƙarshen 2024 har ta wuce 1,000. Irin wannan katin na mutumin Zoo Road ne ko Tarauni, wanda zai tako da ƙafa bayan la'asar. Ni dai ka haƙura.

Dattijon Bunkure:

Ɗana, zan faɗa maka abin da babanka zai faɗa maka. Mutum yana noma da bashin taki ya je ya yanki katin shillo na shekara? Mu da muka tashi, dokin kara muka hau, langa muka yi a dandali, shillonmu igiya ce a reshen tsamiya, ba wanda ya nakasa saboda haka. Gidan Zoo da marigayi Audu Bako ya gina a farkon shekarun 1970, shi ɗin da ya yi muku dam ɗin Tiga da kuke noman rani da shi, sau ɗaya aka kai mu muna 'yan makaranta, a bayan akori-kura. Har yau ina iya gaya maka yadda zakin ya yi hamma. Da kullum ake kai mu da tuni na manta. Bagauda ma ta yi tashe a zamaninta, ana zuwa daga ko'ina shan iska, yanzu makarantar horar da lauyoyi ce a wurin. Ka sayi takinka. Ranar Sallah ka kai su kallon hawan hakimi, ba a karɓar ko sisi.

Manomin Kadawa:

Baba, na gode, kuma maganarka ba abin yarwa a ciki. Direba, kai ma Allah ya saka, lissafin nan naka ya hana ni barci jiya.

Da ban so in faɗa ba, amma tun da an zo nan bari in fito da ita. Lalurar da na ce ta shigar da ni birni ranar Talata, yarona na tsakiya ne, shekararsa takwas, yana da sikila. Duk bayan wata uku muna zuwa ganin likita. Tun asuba muke fita, a yanki kati, a zauna a benci, a ɗebi jini. Yaron nan tun daga Kura yake fara kuka idan ya gane inda muka dosa. Bara da na yanki katin nan, abin da yake raina ke nan: in samu abin da zan ce masa a mota. Na ce masa duk ranar da aka ɗebi jini bai yi kuka ba, daga asibiti sai motocin karo. Ranar ya cije leɓe, ya kawar da kai, ma'aikaciyar har tana yaba masa. Muka je muka tarar da janareta a kashe. Bai ce komai ba, ya zagaya bayan shingen ya tsaya yana kallon motocin a jere an lulluɓe su da tamfol. Sauran zuwan asibitin biyu ban ma bi ta wurin ba, tsoro nake kada a maimaita.

Shi ba ya iya langa, Baba. Idan ya yi guje-guje da yawa, daren ranar ba mai barci a gidan. Motar karo kuwa zama kawai yake yi ya riƙe sitiyari, a nan kaɗai yake daidai da sauran yara. Alkawari na yi masa, shi ya sa nake ta jan ƙafa a kan katin.

Dattijon Bunkure:

Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ban san da wannan ba. Na janye ta langa, amma ta taki tana nan.

Tsohon mai kunna inji:

Allah ya ba yaro lafiya. Na yi shekara uku ina aiki a irin wannan wurin kafin in dawo gida Wudil in kama sana'ar gyaran injin ban ruwa, don haka bari in gaya maka abin da yake bayan katanga.

Ranar Talatar nan ba mugunta aka yi maka ba. Motocin karo da dawakin nan da jirgin ƙasa duk wuta suke ci, kuma ba ƙaramin janareta ne yake ɗaukar su ba, babban mai shan gas ne. Gas kuwa tun 2022 ya yi tashin gwauron zabo, kafin ma a taɓa fetur. Idan ba wuta, manaja ba zai yarda a tayar da inji saboda yaro ɗaya ba. Mu a wurinmu sai an ƙirga kawuna a ƙofa tukuna. Kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: mai katin shekara ba ya shiga wannan ƙirgar sosai, domin kuɗinsa an riga an karɓa an kashe tun bara. Wanda ya biya yau shi ne yake sayen man yau.

Shi ya sa ake tallan katin a lokacin da kasuwa ta mutu. Wurin wasa a Kano da Sallah biyu yake rayuwa, sai hutun ƙarshen shekara, sai ranakun da makarantu suke kawo ɗalibai. Da azumi kusan a rufe muke, da damina ruwa ya kore mu. Kuɗin katin shi ake biyan albashi da shi a irin waɗannan watannin. Ranakun Sallah da kowa zai zo ko ba a roƙe shi ba, su ake cirewa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Idan har ka ƙi ji sai ka sabunta, kada ka yi ta waya. Ka je da ƙafarka, ka nemi manaja ba yarinyar ƙofa ba. Ka tambaye shi waɗanne ranaku ne katin ba ya aiki, ya rubuta maka da Hausa a bayan rasit. Ka tambaya ko duk abin hawa yana ciki, domin sau da yawa idan aka kawo sabon inji sai a ce shi kuɗinsa daban. Ka tambaya ko za ka iya musanya yaro, yau ɗanka gobe ɗan yayanka, ko hoto ake bi. Sannan ka zagaya ka duba injinan da idonka, wanda ka ga ciyawa ta fito a ƙarƙashinsa ya daɗe bai motsa ba, kuma kayan gyaransa daga waje ake kawowa.

Amma abin da ya fi maka amfani kyauta ne. Ka karɓi lambar mai kunna motocin karo, shi kansa, ba ta ofis ba. Kuna fitowa daga asibiti ka kira shi ka ce akwai wuta? A wurinmu daga la'asar zuwa magariba ne aka fi kunnawa ko a ranar aiki, da safe kuwa sai an yi sa'a.

Bahadeje a Amurka:

Salam. Ni ɗan Haɗeja ne, karatu ya kawo ni jihar Fulorida, kusa da Orlando, garin da wannan harkar ta kati take da gindin zama. Na karanta labarinka ina murmushi, domin maƙwabtana Turawa wannan muhawarar suke yi duk shekara.

A nan babban wurin wasan nan Walt Disney World yake, wanda aka buɗe a 1971, bayan na farkon, Disneyland, da aka buɗe a Kalifoniya a 1955. Tikitin yini ɗaya ya haura dala 100. Katin shekara kuwa hawa-hawa ne, kala huɗu. Mafi araha mazauna Fulorida kaɗai ake sayar wa, kuma yawanci ranakun aiki yake ci, ba ya aiki Asabar da Lahadi da lokacin manyan bukukuwa. Wanda ba a toshe masa ko rana ɗaya ba ya wuce dala 1,000 nesa ba kusa ba. Ka ga ɗan rubutun da mai gadi ya nuna maka ba a Kano aka ƙirƙiro shi ba. Ko'ina ranakun da kowa yake so su ake cirewa, bambancin kawai a nan ana buga kalandar ranakun a intanet, mutum ya gani kafin ya biya.

Kuma ko babban wuri ba shi da tabbas. Da korona ta zo a watan Maris na 2020 duka aka rufe. Na Fulorida ya buɗe a Yuli, na Kalifoniya sai Afrilun 2021, kuma a farkon 2021 ɗin na Kalifoniya ya soke tsohon tsarin katin shekara gaba ɗaya, daga baya ya fito da sabo mai sababbin sharuɗɗa.

Abin da na lura da shi, masu cin ribar katin su ne waɗanda suke minti ashirin ko talatin da wurin, su shiga da yamma su hau abu biyu su koma gida su ci tuwonsu. Na nesa kuwa katin ne yake juya shi. Ya riga ya biya, sai ya ga idan bai je ba ya yi asara, sai ya ƙara kashe kuɗin mota da na abinci don ya fanshe. Kuɗin da ka ba su bara ya tafi ko ka sabunta ko ka bari, kada ka sa shi a lissafin bana. Kuma wannan "kafin ƙarshen wata" kada ya tayar maka da hankali, ragin 10,000 ne a kan abin da ba ka tabbatar kana buƙata ba.

Malama daga Ringim:

Assalamu alaikum. Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya raya mana su. Ni malamar firamare ce, kuma ƙanwata tana da yarinya mai irin lalurar ɗanka, na san benci da layin da kake faɗa.

Duk maza sun yi lissafi amma ban ji wanda ya tambaya ba: me maman yara ta ce? Ita ce take tashi da asuba ta yi musu wanka, ita take goyo a cikin rana a layi. Ka tambaye ta.

Ni abin da na gani, buƙata biyu ka haɗa a kati ɗaya, shi ya sa ya ƙi yi maka daidai. Ta farko alkawarin yaro. Wannan ku biyu ne, sau huɗu a shekara, kuma kuɗin mota dama dole ne ka biya shi saboda asibiti. Da sabon kuɗinsu, ƙofa 3,000, ya hau motar karo sau uku 2,100. Ka ga 5,100 ke nan, sau huɗu 20,400. Ina 20,400 ina 60,000? Kuma idan ka kira aka ce ba wuta, kuɗinka yana aljihunka, sai ku wuce Gidan Zoo ya ga jimina da kada, ba ruwansu da janareta. Ka dai riƙe masa gorar ruwa babba, ka sa shi ya dinga sha ko bai ce yana jin ƙishi ba, a zauna a inuwa. Rashin ruwa a jiki da zafin rana suna tayar da ciwon, haka sanyi mai yawa, don haka a cikin hunturu a sa masa rigar sanyi. Layin ranar Sallah na awa ɗaya cikin rana ba nasa ba ne sam.

Ta biyu fitar gida gaba ɗaya. Kai ba yara uku gare ka ba, bakwai ne, ka gani da idonka a zaure. Katin mutum biyar ba don gida irin namu aka yi shi ba. Wannan sau ɗaya a shekara ta isa, kuma ba kai kaɗai za ka ɗauka ba. Ka zauna da yayanka da ƙanenka kowa ya kawo nasa, ku ɗauki shatar mota ɗaya daga ƙofar gida, a dafa shinkafa da wake a zuba a kula, a haɗa zoɓo. Ku je rana ta biyar ko ta shida bayan Sallah, cunkoso ya ragu, kayan Sallah ba su tsufa ba.

Kuma ba dole kullum sai birni ba. Mun taɓa kai 'yan aji shida Birnin Kudu suka ga zanen mutanen zamanin da a jikin duwatsu, wata shekarar kuma Baturiya ta ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, inda tsuntsaye suke zuwa daga Turai a lokacin sanyi. Yaran sun fi wata suna zana tsuntsaye a bayan littafi. Ku da dam ɗin Tiga yake kusa da ku, na tabbata akwai yaran gidanku da suke wanka a kanal amma ba su taɓa ganin inda ruwan yake fitowa ba.

Manomin Kadawa:

Jama'a na dawo, Allah ya saka wa kowa da alheri.

Malama, na bi maganarki na tambayi mai ɗakina. Ashe tun ranar Sallar nan take da magana a ciki, ta ce ta yi shiru ne don ta ga ina ɗoki. Ta ce ita a cire ta daga lissafin ma, duk zuwan da muka yi ba ta hau komai ba, takalman yara take tsaro a gindin bishiya.

Shekaranjiya na kai albasa 'Yankaba, da na gama na biya ta wurin. Na samu manajan, mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Ya ce ranakun Sallah suna nan a cire, bana ma an ƙara da ranar ɗaya ga Janairu. Musanya yaro babu, hoto ake bi. Jirgin ƙasan kuma na gan shi a gefe, an cire masa ƙafa biyu, ya ce ana jiran kaya. Na yi masa godiya na ce zan yi shawara. A hanyar fita na samu yaron da yake kula da motocin karo yana cin rake, na saya masa lemo, na karɓi lambarsa. Ya ce in dinga kira wajen ƙarfe uku.

Ban sabunta ba. Na gaya wa yaron gaskiya, cewa kati ya ƙare amma alkawari yana nan, kuɗi za mu dinga biya a ƙofa. Abin da ya tambaya kawai shi ne ko motar ja tana nan. Ranar likita ta gaba saura sati uku, zan zo in ba ku labari in Allah ya kai mu.

Kuɗin kuma na raba shi. Na ware 20,000 na ba maman yara ta ajiye na ranakun asibiti, don idan yana hannuna taki zai cinye. Sauran yayana da ƙanena suka cika, muka sayi ɗan rago a kasuwar ƙauye muka ɗaure a bayan ɗaki. Yaran bakwai su za su dinga yi masa ciyawa, a sayar gab da babbar Sallah, ribar ita ce kuɗin shatar mota. Tun jiya suke faɗa a kan wa zai ba shi ruwa, har sun sa masa suna Shillo.

Direba, motarka tana cin mutum goma sha biyu?

Direban Kwanar Dangora:

Tana ci har da kula da tabarma. Amma Malam, ka je ka tambayi kuɗin buhun dusa da harawa kafin ka fara ƙirga ribar Shillo, ka dawo mu sake lissafi.